Rijim ya bar ni da yunwa, in yarda a yi mini takmim?

Mai tambaya, daga Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Nauyina ya haura kilo 110, ga ciwon suga, ga gwiwa, ko ɗawafi sai na tsaya na huta. Bara na yi rijim, wato rage ci, da gaske, na bar shinkafa da burodin tamis da lemon kwalba, kuma na sauka sosai. To tun lokacin yunwa ta hana ni sakat, ina tashi daga kan abinci ba a jimawa cikina ya fara kira. Yanzu ƙibar ta dawo har da ƙari. Likita ya ce na cancanci takmim, aikin rage tumbi. Maigida kuma cewa yake in dai kama bakina. Shin aikin yana kashe yunwar nan, ko tumbin ne zai ƙanƙance a bar ni da ita?

Ma'aikaciyar jinya, daga Makka: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki daina zargin kanki, yunwar nan tana da dalili. Tumbi yana fitar da wani sinadari mai suna girelin, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Hanji kuma yana fitar da GLP-1 da PYY bayan an ci abinci, su ke cewa an ƙoshi. Idan mutum ya rame ta hanyar rage ci, jiki yana ɗauka fari aka shiga, sai girelin ya ƙaru, sinadaran ƙoshi su ragu. A wani bincike da aka wallafa a 2011, masu bincike a Malbon ta Ostireliya sun sa mutum 50 a rijim mai tsanani na mako 10. Bayan shekara guda girelin ɗinsu bai koma yadda yake ba, kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara.

Takmim hanyarsa daban. Ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, har da ɓangaren sama inda aka fi yin girelin. Abinci kuma yana saurin isa hanji, sai GLP-1 da PYY su tashi sosai bayan ci. Shi ya sa wasu masu suga ke ganin sauƙi tun a kwanakin farko, kafin su rame. A aikin tahwil masar, wanda ake karkatar da hanyar abinci, tashin GLP-1 ɗin ya ma fi ƙarfi, don haka ki tambayi likitanki wanne ya fi dacewa da mai suga.

Maman 'yan biyu, daga Riyad: Ni an yi mini, kuma gaskiya Anti ta faɗa. Watannin farko sai an tuna mini lokacin abinci. Amma ki sani yunwar tana dawowa a hankali, ni a shekara ta biyu na fara jin ta, ko da yake ba kamar da ba. Kuma aikin bai taɓa kwaɗayi ba. Shayi mai suga da basbusa suna wucewa sumul ko da tumbin ƙarami ne, ta nan mutane da yawa ke sake yin ƙiba. Na sha fama da ƙwannafi da zubewar gashi, bitamin B12 da maganin ƙarin jini kuwa har yau ina kansu. Ban yi nadama ba, gwiwata ta huta.

Hajiya Babba, daga Madina: 'Yata, abin da aka yanke ba ya dawowa, kada ki yi gaggawa. Ki yi istihara, sannan ki tafi da maigidan wurin likita ya ji bayanin sinadaran nan da kunnensa. Bayan aiki shi za ki fi buƙata a gida.

Mai aiki a kantin magani, daga Jidda: Hajiya ta yi gaskiya, kuma akwai matakin da za a iya gwadawa kafin wuƙa. Allurar Ozempic tana kwaikwayon GLP-1 ne, Mounjaro kuma ta haɗa GLP-1 da wani sinadarin hanji, GIP. Suna rage yunwa, suna sauke suga. Sai dai akwai tsada, akwai tashin zuciya, kuma yawancin waɗanda suka daina nauyin yana dawo musu. Kada ki saya a hannun masu talla a waya, sai da takardar likita.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, wallahi hankalina ya ɗan kwanta. Saura biyu: azumi fa, kuma ina son ƙarin haihuwa.

Ma'aikaciyar jinya: Ciki dai ana so ki jira wata 12 zuwa 18 bayan aiki, saboda a lokacin jiki yana saurin ramewa, jariri zai iya rasa abin gina jiki. Azumi kuma matsalarsa ruwa ce. Tumbin ba ya ɗaukar kofi guda a tashi ɗaya, kurɓa-kurɓa ake yi duk yini, ga zafin Jidda. Ki roƙi likita ya sa ranar aikin nesa da Ramadan, kuma ya gyara miki maganin suga kafin a sallame ki, don kada ya yi miki yawa.