Neman shawara: Gobara ta ci ɗaki ɗaya, ƙauri ya kama gidan duka. Mu koma ko mu jira?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Makon jiya gobara ta tashi a gidan da muke haya a nan Kano. Waya ce ta yi tartsatsi a cikin silin da tsakar dare. Alhamdulillahi babu wanda ya ji rauni, maƙwabta da 'yan kwana-kwana sun kashe ta kafin ta wuce ɗaki ɗaya. Katifa, kujerun soso, labulaye da silin na roba ne suka ƙone. Amma hayaƙi babu inda bai shiga ba, bangon falo da na ɗakin yara duk sun yi baƙi, ko cikin durowa na sa hannu sai ya fito da baƙi. Yanzu muna gidan iyayena. Mai gidan ya ce zai turo mai fenti, maigidana kuma yana so mu koma da zarar fenti ya bushe. Ina da yaro mai asma, ga jaririya ina shayarwa. Da na shiga kwaso kaya ban jima ba maƙogwarona ya fara kaikayi, kaina ya yi nauyi. Ta yaya zan gane iskar gidan ta gyaru? Me zan wanke, me zan zubar?

Hajiya Babba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu 'yata, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da mafi alheri. Ki buɗe tagogi duka, a share gidan tas, ki riƙa sa turaren wuta safe da yamma. Ƙaurin zai tafi.

Malamar jinya:
Amin Hajiya. Buɗe tagogi kam daidai ne, amma ki yi mini afuwa a kan turaren wuta. Shi ma hayaƙi ne, rufe ƙaurin kawai zai yi, yaro mai asma kuwa ƙara masa wahala zai yi. 'Yar uwa, wannan kaikayin maƙogwaro da ciwon kai da kika ji, jikinki ne ya riga ya ba ki amsa. Kada yaran su taka gidan yanzu, ko da rakiya ce. Jaririya tana numfashi da sauri fiye da babba, ga sa hannu a baki, duk abin da ke kan kafet cikinta zai ƙare. Idan a daren gobarar wani ya shaƙi hayaƙi, kuma har yanzu yana tari, muryarsa ta dushe ko yana fitar da majina baƙa, a kai shi asibiti. Maganin shaƙa na yaron, in a gidan yake lokacin, a sake masa sabo.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Sannu baiwar Allah. Na yi wannan aiki har na yi ritaya, abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin mutane sun shiga da tsintsiya washegari, babu ko takunkumi. Shara a bushe tayar da kunkunniyar take yi ta koma iska, a shaƙe ta, ta sake sauka. Kada ki kunna fanka ko na'urar sanyaya ɗaki kafin a goge, don raba baƙin za su yi ko'ina.

Kuma ki sani, hayaƙin gidan zamani ba irin na murhun itace ba ne. Soson katifa da na kujera in ya ƙone yana fitar da iska mai guba da ake kira sayanaid. Silin na roba da bawon wayar wuta suna fitar da iskar da in ta haɗu da danshi take zama asid, shi ya sa za ki ga ƙarafa sun fara tsatsa bayan 'yan kwanaki, talabijin da firji su lalace daga baya ko da wuta ba ta taɓa su ba. Iskar da ke kashe mutane a lokacin gobara, wato kabon monoksaid, tana washewa in wuta ta mutu murus aka buɗe gida. Abin da ke zama shi ne baƙin da ya manne, shi ne yake ci gaba da fitar da wari, musamman in rana ta yi zafi.

Abu biyu kafin komai. Mai gyaran wuta ya duba wayoyin gidan duka kafin a mayar da wuta. Sannan a leƙa saman silin na sauran ɗakunan, domin a yawancin gidajenmu sama a haɗe take, hayaƙi can yake bi ya kwanta. In akwai ɗakin da yake da tsohon silin asbestos kuma ya fashe, kada kowa ya share shi a bushe ko ya farfasa shi. A jiƙa shi, a kwashe a buhu a ɗaure, ƙurarsa tana illata huhu bayan shekaru masu yawa.

Mai neman shawara:
Na gode Baba. Wallahi fanka na fara kunnawa da na shiga. To babu wani gwaji da zan iya yi da kaina?

Malamin kimiyya:
Akwai, Malama. Ki sami farar auduga ko farin tsumma, ki ɗan jiƙa, ki shafa a wuraren da ido ba ya kai wa: saman ƙofa, cikin durowa, fiffiken fanka, bayan labule, saman kabad ɗin kicin. Kowane ɗaki da audugarsa, ki jera su ki gani. Ƙurar hunturu ja-ja ce ko ruwan ƙasa, kunkunniyar roba kuwa baƙa ce mai maiƙo, tana damewa in an shafa. Da haka za ki san iyakar inda hayaƙin ya kai. Bayan an wanke a sake gwadawa, sai auduga ta fito fara.

Gwaji na biyu: bayan wanki a rufe ƙofofi da tagogi yini guda cikin zafin rana, sannan wanda bai saba shiga gidan ba ya shiga ya shinshina. Wanda ya daɗe a ciki hancinsa ya riga ya saba, ba zai ji ba.

Akwai ƙananan na'urori da ke auna ƙura mai laushi da ake kira PM2.5, wadda ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta kusan sau 30, tana shiga har can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta sa maikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a matsayin iyakar da bai kamata matsakaicin yini ya wuce ba. Sai dai a lokacin hazo iskar waje kanta tana wuce haka nesa ba kusa ba, don haka in kin samu na'urar ki auna ciki da waje ki kwatanta. Kuma ba ta ganin abin da ya kwanta a bango, lamba mai kyau ba ta isa hujja ba. Kunkunniya ba datti kawai ba ce. Tun 1775 wani likita a Ingila, Percivall Pott, ya gano tana jawo sankara ga masu share bututun hayaƙi. Wannan haɗari ne na daɗewa ana cuɗanya da ita, ba na shiga ɗaya ba, amma dalili ne na kada a bar ta a ɗakin da yara za su kwana.

Mai fenti:
Anti, sana'ata ce, kuma gaskiya zan faɗa miki. In aka shafa fenti a kan baƙin nan, ba zai kama ba, tabon zai huda ya fito, ƙaurin kuma yana nan a ƙasa. Ana fara ɗauke baƙin ne a hankali da busasshen soso ba tare da dirzawa ba, sannan a wanke da ruwan ɗumi da omo, ana sauya ruwa akai-akai. Bango ya bushe sosai, a sa fentin ƙasa mai toshe tabo, sannan na sama. Ɗakin da ya ƙone kuwa, in filasta ta yi kwararo a kankare a sake. Masu aikin su sa takunkumi N95 da safar hannu, na ƙyalle ba ya tarewa. A duba inda ruwan kashe wuta ya kwanta, jiƙaƙƙen kafet kwana biyu ya ishe shi ya fara fumfuna.

Maman 'yan biyu:
Mu ma ta taɓa faruwa da mu. Atamfa da zannuwan gado sun fita bayan wanki biyu ko uku da shanya a rana, amma a wanke su dabam. Kwanuka da tukwane a wanke a ci gaba da amfani. Abin da ya ƙi fita shi ne soso: filo, katifa, kushin. Abinci da ke buhu ko leda, gari, shinkafa, yaji, duk ki haƙura da su, haka ma robobin jaririya da bulumboti.

Mai neman shawara:
Allah ya saka da alheri. Katifar yaran sabuwa ce, wuta ba ta taɓa ta ba, ƙauri kawai take yi. Ita ma zubarwa? Kuma yaya zan shawo kan maigida, ya gaji da zaman gidan surukai?

Malamar jinya:
Ita ma ki rabu da ita, yaro mai asma zai kwana fuskarsa a kanta dare duka. Tabarma da bargo mai tsabta sun fi masa ita kafin hali ya yi.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Maigida kuwa, ku je tare, ki ba shi audugar ya shafa saman ƙofar ɗakin yara da hannunsa. Ku ɗauki hoton kowane ɗaki kafin a taɓa komai, sannan shi ya zauna da mai gidan su yi magana a kan wanki da duba saman silin kafin ranar da mai fenti zai zo.