Sata ce ko ciniki?

Mazaunin Winnipeg: Jama'a yau raina a ɓace yake. Kamfanin Hudson's Bay na nan Kanada, wanda sarkin Ingila Charles na biyu ya ba takardar izinin cinikin fatu tun 1670, ya karye a 2025 an rufe shagunansa, aka ce za a yi gwanjon kayan tarihin da ya tara, har shugabannin 'yan asalin ƙasar na lardin Manitoba suka fito suka ce a dakata. Kakannin 'yan asalin ƙasar nan su suka yi farautar biba, dabbar ruwan nan mai laushin gashi, matansu suka jeme fata suka ɗinka takalma da ƙananan duwatsun ado kamar furanni, Turawa suka kwashi fatu suna yin huluna a Landan. Wallahi sata ce.

Alhajin Kwari: Sata kuma? Haba ƙanena. An ba su bargo da bindiga da gatari da tukunyar ƙarfe, sun miƙa fata. Sunan wannan ciniki.

Malamar tarihi: Alhaji, wane irin ciniki ne mai saye shi ke riƙe da ma'auni?

Alhajin Kwari: To mu da muke yanka wa atamfa kuɗi ɓarayi ne kenan? Malama ki janye kalmar nan.

Malamar tarihi: Ba ni na faɗe ta ba ai.

Basakkwace: In sata ake nema ga ta a gida, fatar jar akuyarmu aka riƙa lodawa raƙuma ta keta Sahara, ta isa Turai aka sa mata suna fatar Maroko.

Ɗan Dukawa: Akuyarku dai, amma wa ya jeme wa ya rina? Majeman Kano. Kakana da wannan sana'ar ya aurar da 'ya'ya tara.

Bamaraɗe: Ku biyun ku yi haƙuri, jar akuya ta Maraɗi ce.

Basakkwace: Yaushe aka kafa Maraɗin ma?

Mazaunin Winnipeg: Don Allah maganar 'yan Cree da Métis, 'yan asalin ƙasar Kanada, fa nake yi, kayan kakanninsu ne.

Shugaban zaure: To ya isa. Abin da na fahimta, yawanci sun yarda ciniki ne ba sata ba, kuma fata aikin Kanawa ce. Na rufe.

Basakkwace: Yawancin wa? Kai ma ɗan Kwari ne.