Kwanan wata a inbois ɗin ƙasashen waje: 04/03/2024 Maris ne ko Afrilu?

Akawun shago: Salamu alaikum 'yan'uwa. Masu kwashe bayanan inbois (takardar neman biyan kuɗin kaya) zuwa Excel ko manhajar lissafi, yaya kuke yi da kwanan wata? Amurka wata take fara rubutawa, Ingila da Indiya da mu nan rana ce farko, Sin kuma shekara. Inbois ya zo da 04/03/2024, me za a shigar?

Mai binciken asusu: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi hukunci da takarda ɗaya, yi shi a kan kamfanin da ya turo ta. Tattara inbois ɗinsa biyar zuwa goma, ka nemo wanda ɗaya daga lambobi biyun farko na kwanan watansa ta wuce 12. Ka ga 25/03, rana ce farko. Ka ga 03/25, salon Amurka ne. Sai ka rubuta tsarin a rajistar masu kawo maka kaya, kowane kamfani da nasa. Ranaku 132 ne a shekara ake iya karanta su ta fuska biyu, don haka zato ba ya aiki. Adireshi ma ba hujja ba ne: kamfani yana Dubai amma manhajarsa a kan saitin Amurka take.

Hajiya mai Excel: Ƙari a kan haka, ɓarnar da ta fi yawa a wajen buɗe fayil ɗin CSV (fayil ɗin bayanai na zallar rubutu da waƙafi ke rabawa) ake yin ta. In saitin kwamfutarka na Amurka ne, ka danna fayil sau biyu, Excel zai mai da 04/03 ya zama 3 ga Afrilu ba tare da ya ce maka uffan ba, 25/03 kuma ya bar shi a matsayin rubutu. Alamarsa: wasu kwanakin sun jingina dama, wasu hagu. Da ka ga haka, rufe ba tare da adanawa ba. Shigo da shi ta Power Query (sashen shigo da bayanai na Excel), ka bar gurbin kwanan wata a matsayin rubutu, sannan ka canza shi ta Using Locale da ƙasar da ta dace. Shekara mai lamba biyu kuwa, 00 zuwa 29 Excel na kai su 2000, 30 zuwa sama 1900. In ka ga 45355 a gurbin kwanan wata kada ka firgita, 4 ga Maris 2024 ne a lissafinsa.

Ɗan Python: Hajiya ta yi gaskiya. Masu rubuta manhaja da Python su kiyayi dayfirst (saitin "rana ce farko") na dateutil, kayan aikin karanta kwanan wata: shawara ce gare shi, in ranar ba ta yiwu sai ya juya da kansa, har 2024-03-04 yana iya mai da shi Afrilu. Ba shi takamaiman tsari ga kowane kamfani, wanda bai dace ba ya tsaya mutum ya duba. A ajiye gurbi biyu: yadda aka rubuta a takarda, da wanda aka gyara zuwa ISO 8601 (shekara-wata-rana, kamar 2024-03-04). Kuma masu yanke haruffa uku na farkon wata, juin da juillet na Faransanci duk "jui" suke bayarwa.

Wakilin fito da kaya: Shekarar ma ba ɗaya ba ce, Malam. Tailan 2567 ita ce 2024, cire 543. Taiwan 113, ƙara 1911. Japan R6 (shekara ta 6 ta zamanin Reiwa), ƙara 2018. Na Hijira daga Saudiyya a juya shi da kalandar Ummul Ƙura, ba da ganin watanmu ba, don ana samun saɓanin kwana ɗaya ko biyu. In akwai lambar QR ta haraji a jiki, ranar Miladiyya na ciki.

Mai binciken asusu: In duk wannan bai raba gardama ba, duba ranar biya. An rubuta Net 30 (a biya cikin kwana 30), ranar biya 03/04, inbois 04/03: to 4 ga Maris ne zuwa 3 ga Afrilu. Jerin lambobin inbois da ranar takardar lodin jirgi su ma shaida ne.

Akawun shago: Allah ya saka da alheri. Hajiya, waɗanda Excel ya riga ya juya aka adana fa?

Hajiya mai Excel: Koma kan fayil na asali ka sake shigowa da shi. Gyara da hannu sai ka tsallake wasu.