Malam-buɗe-littafi iri biyu masu kama da juna a kan tumfafiya

Mai Lambu, Zariya:
Assalamu alaikum. Tun farkon damina nake lura da malam-buɗe-littafi a bayan gidanmu, inda tumfafiya ta yi yawa. Akwai wani mai launin ruwan goro, bakin fiffikensa baƙi da ɗigon fari, wanda nake gani kullum, amma jiya na ɗauki hoton guda biyu sai na ga tashinsu ya bambanta, ɗaya yana tafiya a hankali, ɗayan kuma da ɗan kuzari. Shin iri ɗaya ne?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. Mai tashi a hankalin shi ne wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Tsutsarsa, mai zanen baƙi da fari da rawaya, ganyen tumfafiya take ci, dafin da ke cikin nonon ganyen kuma yana zama a jikinta har bayan ta rikiɗa, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa cin sa ba ya marmarin sakewa, shi kuwa ba ya gaggawar gudu. Na biyun ina kyautata zaton macen Hypolimnas misippus ce, wadda ba ta da wannan dafi, sai dai ta ari kamanninsa don tsuntsaye su ƙyale ta. Ka duba tsakiyar fiffiken baya a hotunanka: na ainihin yana da ɗigo baƙi 3, namijinsa 4, ita kuwa mai kwaikwayon ɗaya gare ta. Namijinta baƙi ne wuluk, da manyan fararen tabo masu kewayen shuɗi, har mutum ba zai ce jinsinsu ɗaya ba.

Ɗan Maraɗi:
Ƙari a kan bayanin Malama, a nan Afirka ta Yamma yawancin Danaus fiffikensu na baya fari ne, saboda haka kada hotunan Indiya da ke intanet su rikita ka. Ni da sassafe nake ɗaukar hoto, kafin rana ta ɗumama su, kuma nakan ɗauki sama da ƙasan fiffiken duka.

Mai Lambu, Zariya:
Na gode ƙwarai, Malama. Na ƙirga, ɗigo 4 ne a hoton farko, ɗaya a na biyu. Yau da safe kuma na juya wani ganye na tarar da tsutsa biyu a ƙarƙashinsa, na hana yara sare tumfafiyar har sai sun rikiɗa.