Guy Lewis, kocin Hakeem Olajuwon a Jami'ar Houston: gwani ne ko sa'ar 'yan wasa ya yi?

Sani_Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina horar da yara ƙwallon kwando a wata sakandare a Zariya, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai game da Guy Lewis, mutumin da ya horar da Hakeem Olajuwon a Jami'ar Houston ta Amurka. Shekara 30 ya yi yana jan ragamar ƙungiyar, daga 1956 zuwa 1986, ya ci wasa 592. Sau biyar yana kai ta zagayen kusa da na ƙarshe a gasar NCAA ta jami'o'in Amurka: 1967, 1968, 1982, 1983 da 1984. Kofi kuwa ko ɗaya bai ɗaga ba.

Abokin aikina ya dage cewa duk wanda Allah ya ba Elvin Hayes da Clyde Drexler da Hakeem, sannan ya kasa cin kofi, to ba koci ba ne, sa'ar yara ya yi. Ni hankalina bai kwanta da wannan ba, don na san wahalar da ake sha kafin yaro ya iya tsayuwar tsaron gida kaɗai. Waɗanda suka san tarihinsa, me kuka gani?

Bashir_Fagge:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ka nemi wasan ƙarshe na 1983 da jami'ar NC State a Albuquerque ka kalla. Houston ce ta ɗaya a ƙasar, ita kuwa NC State an doke ta sau 10 a kakar. An tafi hutun rabin lokaci ana jan Houston da maki takwas, Drexler ya riga ya yi laifi huɗu saboda an bar shi a fili bayan na uku. Da aka dawo suka farfaɗo, suka wuce gaba 42 da 35. A daidai nan Lewis ya ce a rage gudu, a riƙa jan lokaci. Yaran da duk ƙarfinsu gudu ne da tsalle, ka ce su tsaya suna miƙa wa juna ƙwallo? Kocin NC State, Jim Valvano, ya ga dama ta samu, ya sa yaransa su riƙa yin laifi da gangan, don ya san 'yan Houston ba su iya jifan kyauta ba, wato jifan da ake ba wanda aka yi wa laifi. Ƙarshe Dereck Whittenburg ya cilla ƙwallo daga nesa ta gaza kaiwa, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara cikin kwando, 54 da 52. Wannan asarar a wuyan koci take.

Alhaji_Garba_K:
Bashir ɗana, abin da ka faɗa ya faru, amma ka bar rabin labarin. Albuquerque gari ne mai tudu sosai, iska ba ta isar wanda bai saba ba. Hakeem sai da aka sa masa iskar shaƙa a benci. Kuma a lokacin babu agogon da ke ƙayyade daƙiƙun jifa a gasar NCAA, sai kakar 1985 zuwa 1986 aka kawo shi, don haka jan lokaci dabara ce da manyan koci da yawa ke yi. Da ta yi masa kyau, da yau ana yabonsa a kanta.

Ni dai abin da ya sa nake ganin girmansa ya faru tun kafin a san Hakeem. A 1964 ya ɗauko Elvin Hayes da Don Chaney daga jihar Louisiana, su ne baƙaƙen fata na farko a ƙungiyar ƙwallon kwandon jami'ar. Kudancin ƙasar Amurka ake magana, a shekarar da aka sa hannu kan dokar hana wariyar launin fata, lokacin da jami'o'i da dama na yankin ba su yarda baƙaƙen fata su sa rigarsu ba. Wannan ba sa'a ba ce, zuciya ce.

Sannan shi ne ya matsa a buga wasa da jami'ar UCLA ta koci John Wooden a Astrodome, filin da aka gina don wasu wasannin daban. Ranar 20 ga Janairu 1968 mutum fiye da 52,000 suka shiga, aka nuna wasan a talabijin ko'ina a Amurka da daddare, abin da ba a taɓa yi wa wasan tsakiyar kaka na jami'o'i ba. Hayes ya ci maki 39, Houston ta yi nasara 71 da 69, aka tsayar da UCLA bayan ta ci wasa 47 a jere. Eh, UCLA ta rama a watan Maris da 101 da 69, ba zan ɓoye ba. Amma daga wannan daren ne masu talabijin suka gane cewa wasan ɗalibai ma yana tara jama'a.

Maman_Ilham:
Baba Alhaji Allah ya ƙara girma. Ni zan tsaya kan Hakeem, tunda na yi wasan nan a makaranta, na san bambancin yaro mai tsawo da ɗan wasa. Hakeem a Legas gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara taɓa ƙwallon kwando. Da ya isa Houston a 1980 ɗanye ne sharaf. Shekarar farko bai buga gasa ba, ta biyu daga benci yake shigowa. Da hutu yana zuwa Fonde, wani zauren wasa a garin, yana gogawa da Moses Malone wanda ke bugawa Rockets, ƙungiyar ƙwararru ta garin, a lokacin. A 1983 shi aka zaɓa gwarzon zagayen ƙarshe duk da an doke su. A 1984 shi gasar ƙwararru ta NBA ta fara ɗauka, Michael Jordan na uku. Shekara huɗu ke nan tsakani. Wanda ya ce kocin bai yi komai ba, ya gaya mana wa ya koya wa yaron tsayuwa a ƙarƙashin kwando, wa ya yi haƙuri da shi lokacin da yake tara laifi cikin 'yan mintoci.

Mutane suna ganin danki, wato a yi tsalle a dankara ƙwallo cikin kwando, sai su ce ai wasan titi ne, babu tsari. Shi Lewis da gangan yake koyar da shi, don a ganinsa babu jifan da ya fi shi tabbas. Ku tuna NCAA ta haramta danki daga 1967 zuwa 1976, kuma har bayan an dawo da shi akwai masu yi masa kallon rashin ɗa'a.

Bashir_Fagge:
Hajiya na yarda da batun renon yara. Amma 1984 fa? Jami'ar Georgetown ta koci John Thompson da ɗan wasa Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Wasan ƙarshe biyu a jere, hannu rabbana.

Alhaji_Garba_K:
A 1984 Drexler ya riga ya tafi ƙungiyar Portland ta NBA, kuma Georgetown ta fi su yawan 'yan benci masu ƙarfi. Wannan ba na ɗora masa. Abin da ke mini ciwo shi ne irin wannan lissafin na kofi ya sa aka bar shi a waje shekara da shekaru. Hayes ya shiga zauren gwaraza na Naismith a 1990, Drexler a 2004, Hakeem a 2008, malaminsu yana gida. Sai 2013 aka kira shi, yana da shekara 91, jiki ya riga ya yi rauni, a keken guragu aka kawo shi. Ya rasu a watan Nuwamba 2015.

Sani_Tudunwada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Bashir, batun jifan kyauta ya shige ni, don yarana ma nan suke da rauni, kowa danki yake so ya koya alhali ko zoben bai taɓa ba. Daga wannan makon ba mai barin fili sai ya zura goma a jere. Baba Alhaji, in akwai inda zan sami cikakken wasan Astrodome ɗin, don Allah a nuna mini, ina so in kalle shi tare da abokin nawa.