Ɓatan wata ko ɗaukewar haila? Mu tsayar da suna ɗaya

Jama'ar Zamfara, ku taya ni. Ina shirya bayanin da za a yi wa mata ranar awo a Gusau, sai kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: abin da likitoci ke kira amenoriya, wato mace ta daina ganin al'adarta wata 3 a jere, ko wata 6 ga wadda dama tata ba ta da tsayayyen lokaci.

Da farko na rubuta "ɓatan wata". Wata tsohuwar ungozoma ta Talata Mafara ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, in kin ce haka barka za a yi mata." Gaskiyarta. A kunnen Bahaushe ɓatan wata ciki ne, kuma ciki shi ake fara aunawa, amma ba shi kaɗai ke kawo abin ba. Shayarwa na kawo shi, allurar tazarar haihuwa ta wata 3 ma haka, da rama mai tsanani, da damuwa, da ciwon maƙoƙo. Akwai wadda nononta ke ɗigar ruwa alhali ba ta goyo. Wannan sinadarin firolaktin ne, mai sa nono ya kawo ruwa, ya yi yawa. Akwai kuma wadda ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga nan ruwan nono ya ƙi zuwa, haila ta ƙi dawowa, domin wani ƙululu mai sarrafa sinadaran jiki da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya taɓu. A yankin da ake yawan haihuwa a gida, wannan bai kamata ya wuce mu ba.

Wani malami ya kawo "yankewar haila". Ban yarda ba. Abin da ya yanke ya tafi ke nan, don haka a bar wa matan da shekaru suka kai, yawanci tsakanin 45 da 55.

Wanda na fi tsoro shi ne "kwantaccen ciki". Da wannan sunan mace ke shekara biyu tana shan jiƙo don ta tayar da cikin da babu shi. A tsawon lokacin nan, in istirojin, sinadarin mata mai kare ƙarfin ƙashi, ya yi ƙasa, ƙashinta na rububewa a hankali. In kuwa matsalar ƙwan mace ce, irin mai zuwa da ƙiba da gashin haɓa, bangon mahaifa ke ta kauri tunda ba ya zuba, har ya iya kaiwa ga ciwon daji. Ga rashin haihuwa, wanda ake ɗora wa kishiya ko iska.

Ni dai na tsaya kan "ɗaukewar haila". Muna cewa ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, manomi ya damu, ya nemi dalili, amma bai fid da ran zai dawo ba. Kalmar ba ta ce ciki ba, ba ta ce tsufa ba.

Saura yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta taɓa gani ba. Abin da bai zo ba ai ba a cewa ya ɗauke. Na ajiye "jinkirin fara haila" tukuna. Mutanen Argungu da Yawuri, ku yaya iyayenmu mata ke kiransa can?