Muhawara: Sauri da zagaye ne ke cin farmakin ramuwa, ko ƙarfin wuta?

Malamin Tarihi: Ni dai ina nan a kan bakana: wanda ya iya zagaye abokin gaba shi ke ƙwato ƙasa, ba mai yawan igwa ba. Ku dubi yankin Kharkiv a yaƙin Yukren da Rasha, a Satumban 2022. Yukren ta yi ta shelar cewa Kherson da ke kudu ta nufa, Rasha ta kwashi zaratan sojojinta ta kai kudu. Ranar 6 ga wata sai sojojin Yukren suka ɓalle ta garin Balakliya, ba su tsaya kokawa da kowane ƙauye ba, suka miƙe Kupiansk, mahaɗar layin dogon da ke ciyar da sojojin Rasha a garin Izium. Kafin mako ya zagayo, sojojin Rasha sun tsere sun bar tankoki a tsaye.

Tsohon Soja: Malam, gani ga wane bai isa wane tsoron Allah ba? A Yunin 2023 ai wannan dabarar sojojin Yukren suka so maimaitawa a yankin Zaporizhzhia, da tankokin Leopard da motocin sulke na Bradley. Me suka tarar? Nakiyoyi kamar an yi shuka, ramuka, jirage marasa matuƙa a sama suna kallon duk wanda ya motsa. Motar share nakiya ta gaba ta tashi, na baya duk su tsaya a layi ɗaya, igwa ta yi ta ɗauka ɗai-ɗai. Sai ƙarshen Agusta suka kama Robotyne, ƙauye guda, alhali birnin Melitopol aka ɗaura wa niyya.

Malamin Tarihi: Yallaɓai, wannan ai ba zagaye ba ne, karo da bango ne. Sun raba ƙarfinsu gida uku har da Bakhmut, kuma kowa ya san inda za su ɓullo.

Ɗalibi: Baba, ni tambaya gare ni. A yaƙin 1973 Janar Sharon na Isra'ila bai ƙetare mashigin Suwez ta tsakanin runduna ta biyu da ta uku ta Masar ba?

Tsohon Soja: Ya ƙetare, ɗana, amma bayan Masar ta yi asarar tankoki masu yawa a harin 14 ga Oktoba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko Kherson ɗin, makamin roka na HIMARS ne ya yi ta dukan gadar Antonivsky da ke kan kogin Dnipro har Rasha ta kasa ciyar da mutanenta, ta janye a Nuwamban 2022.

Malamin Tarihi: To ai ka dawo hanyata! Yanke hanyar abinci da harsashi shi ne zuciyar abin da nake faɗa.

Tsohon Soja: A'a, Malam, da wuta aka yanke ta, ba da gudu ba. Ni abin da ban ji ka amsa ba: da jirgi marar matuƙi a kanka dare da rana, a ina za ka ɓoye birged guda ta sojoji kafin ka fasa layin abokan gaba?